Kumburin Fuska da Wuya Bayan Jinyar Ciwon Daji: Tambayoyi da Amsoshi kan Motsa Jiki da Kula da Kai

Wanda aka yi wa tiyata ko gashin na'ura (wato gasa ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi) saboda ciwon daji na baki, harshe, maƙogwaro ko bayan hanci yakan ɗauka cewa ranar da aka sallame shi wahala ta ƙare. Bayan wata biyu ko uku sai ya wayi gari ya tarar ƙarƙashin haɓarsa ya cika ya sauko, kumatunsa sun yi nauyi, shatin matashin da ya kwana a kai kuma ya ƙi ɓacewa daga fuskarsa har hantsi. Likitoci suna kiran wannan kumburi limfidima. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda suka fi damun masu fama da shi da masu jinyarsu. Amsoshin ba za su maye gurbin likitan da ya san inda aka yanka da inda aka gasa a wuyan mutum ba, amma za su taimaka wajen fahimtar abin da likitan yake nufi da kuma aikin da ya rage wa mutum a gida.

Mene ne limfidima, kuma me ya kawo shi fuska da wuya?

Ban da hanyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki da suke kwashe ruwan da ya tsattsafo daga jini ya zauna a tsakanin nama. Sunan wannan ruwa limf, kuma yana ɗauke da sinadarin furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki. A kan hanyarsa yana ratsa wasu ƙananan ƙullutai masu tace shi, waɗanda su ne suke tashi su zama kaluluwa idan mutum ya ji rauni a ƙafa ko haƙori ya ruɓe. Akwai ɗaruruwansu a jiki, kuma kaso mai yawa yana wuya. Daga ƙarshe ruwan yakan zuba cikin manyan jijiyoyin jini a gindin wuya, bayan ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa.

Ciwon daji na kai da wuya ta waɗannan ƙullutai yake fara yaɗuwa, shi ya sa likitan tiyata yakan cire wasu daga cikinsu, wani lokaci masu yawa, a gefe ɗaya ko gefe biyu. Gashin na'ura, wato rediyoterafi, shi ma yana lalata hanyoyin, ya bar naman wurin ya yi tabo ya taurare a hankali. Idan hanya ta yanke ruwa kuma bai daina zuwa ba, dole ya taru. Wanda ya san tundurmi ya san irin wannan taruwa a ƙafa, sai dai tundurmi tsutsar da sauro ke yaɗawa ce take toshe hanyoyin, wannan kuwa jinyar da ta ceci ran mutum ce ta bar masa shi. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma samunsa ba ya nufin an yi kuskure a tiyatar.

Yaya zan bambanta shi da kumburin da kowace tiyata take bari?

Kumburin tiyata yana zuwa nan take, ya yi ta raguwa cikin makonni. Limfidima yakan bayyana ne daga baya, galibi tsakanin wata 2 zuwa 6 bayan kammala jinya, kuma idan kumburi ya wuce wata 3 bai tafi ba, ya kamata a tuhume shi. Kafin ido ya gani, jiki yakan ji: nauyi a kunci, ɗaurewar fata, wuyan riga da ya fara matsewa, tabarau da ya fara barin shati a gefen fuska. A farkonsa yana da laushi, idan aka danna da ɗan yatsa sai wurin ya lotsa ya jima kafin ya ciko.

Akwai kuma na ciki wanda madubi ba ya nunawa. Harshe da maƙogwaro da akwatin murya suna iya kumbura, mutum ya riƙa jin kamar wani abu ya tsaya masa a wuya, muryarsa ta dishe, haɗiya ta yi masa wuya. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne yake ganin wannan da siririn bututu mai kyamara. Abin ya fi yawa fiye da yadda aka daɗe ana zato. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, aka buga a 2012, ya duba mutum 81 da suka gama jinya da aƙalla wata 3, aka tarar kashi 75 cikin 100 suna da kumburin, na waje ko na ciki ko duka biyun.

Me ya sa fuskata ta fi kumbura da asuba, ta sassauta da yamma?

Saboda ruwa gangare yake bi. Da rana kai yana sama, ruwan yana samun saukowa, ga magana da tauna da juya wuya suna tura shi. Da dare kuwa an miƙe a kwance, tsoka ta yi shiru, sai ya kwanta a fuska da fatar ido. Wannan shi ne akasin kumburin ƙafa, wanda ya fi tsanani da yamma.

Maganin wannan yana cikin mafi sauƙi. A ɗaga rabin jiki na sama, daga kafaɗu har kai, kimanin digiri 30, ko dai da matashi mai gangare ko a cusa wani abu a ƙarƙashin katifa ta wajen kai. Tara filo biyu ko uku a ƙarƙashin kai kaɗai kuskure ne da ake yawan yi, domin yana lanƙwasa wuya, haɓa ta dangana da ƙirji, hanyar da ake so ta buɗe ta ƙara tsukewa. Idan gefe ɗaya ne ya kumbura, a guji kwana a kansa.

Ana warkewa gaba ɗaya?

Ƙullutan da aka cire ba sa sake tsirowa, don haka gaskiyar magana ita ce lalura ce da ake sarrafawa tsawon lokaci. Amma kumburin kai da wuya yana karɓar magani sosai, wasu har ya sauka ya zama sai mai lura ne zai gane. A Cibiyar Ciwon Daji ta MD Anderson da ke Houston an bi bayanan marasa lafiya fiye da 1,200, aka buga sakamakon a 2015, kuma a cikin waɗanda aka iya auna ci gabansu kimanin kashi 60 cikin 100 sun samu sauƙi, waɗanda suka dage da aikin gida kuma su ne suka fi samu.

Abin da ya fi damuna a wannan lalura shi ne jinkiri. Ruwan da ya daɗe a kwance ba ya zama ruwa har abada, furotin ɗin da ke cikinsa yana jawo nama ya yi kauri, kumburi mai laushi ya koma mai tauri kamar katako, yatsa ya daina lotsa shi, wuya ya ƙi juyawa. A matakin laushi hannu da motsi suna sauke shi cikin makonni, a matakin tauri kuwa aikin watanni ne, kuma ba duka yake komawa ba. Wanda ya ce bari ya jira ya gani ko zai tafi da kansa yana kashe lokacin da magani ya fi ci ne.

Wane magani ake yi a asibiti?

Abubuwa huɗu ake haɗawa: tausa ta musamman mai kora ruwan, matsi da ƙyalle ko rigar fuska, motsa jiki, da kula da fata. Tausar ta samo asali ne daga Emil Vodder da matarsa Estrid, 'yan ƙasar Denmak, waɗanda suka gabatar da ita a Faris a 1936. Daga baya likitoci a Jamus, musamman Michael Földi da matarsa Ethel, suka haɗa ta da sauran ukun ta zama tsarin da ake bi a yau. Yana da zango biyu. A na farko ƙwararre ne yake yin aikin na 'yan makonni yana koya wa mara lafiya da mai jinyarsa, a na biyu kuma aikin ya dawo hannun mutum a ɗakinsa. Akwai na'urar matsi da iska da ake sanyawa a kai da ƙirji, akwai kuma tiyatar zuƙe kitsen ƙarƙashin haɓa da ta haɗa hanyar limf da ƙaramar jijiyar jini, amma waɗannan ana zuwa gare su ne bayan an gwada na farko, kuma ba ko'ina ake samunsu ba.

Wane motsa jiki zan yi, kuma da wanne zan fara?

Hanyoyin limf ba su da famfo irin zuciya. Matsawar tsoka da shiga da fitar numfashi su ne suke taimaka musu tura ruwan, shi ya sa motsa jiki a nan magani ne sosai. Jerin yana da muhimmanci: ana farawa daga ƙasa a hau sama, kamar yadda mai yashe kwata yake fara buɗe mafita kafin ya taɓa inda ruwan ya taru.

A zauna a kan kujera, baya a miƙe, kafaɗu a sake, madubi a gaba. A ɗora tafin hannu a kan ciki, a ja numfashi ta hanci a hankali har cikin ya ɗaga hannun, a sake shi ta baki kamar mai hura koko mai zafi. Sau biyar ya isa, domin wuce haka yana iya kawo jiri. Babbar hanyar limf ta jiki ta cikin ƙirji take hawa, kuma wannan numfashi yana jan ruwan cikinta.

Daga nan sai kafaɗu. A ɗaga su zuwa kunnuwa a sauke, a juya su baya a zagaye, a matse allunan kafaɗa kamar ana so su haɗu. Wanda aka yi wa tiyatar wuya ya ba wannan kulawa ta musamman, saboda jijiyar da ke ɗaga kafaɗa ta wuya take bi, kuma tiyata takan taɓa ta, kafaɗar ta sauko ta yi ciwo. Bayan kafaɗu sai wuya: a waiwaya dama a hankali har inda aka ji ja, a tsaya daƙiƙa kamar biyar, a dawo tsakiya, a waiwaya hagu; a karkata kunne zuwa kafaɗa ba tare da ɗaga kafaɗar ba; a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, sannan a ɗaga ta sama baki a rufe har a ji fatar gaban wuya ta miƙe. Akwai kuma janye haɓa baya kai yana kallon gaba, wanda yake gyara zaman kan da ya saba leƙowa gaba saboda tabo yana jan sa. Ba a wulwula kai a zagaye da sauri.

Fuska ce ta ƙarshe, kuma a nan ne mutane suke jin nauyin yi, alhali tsokar fuska ita ce famfon kumatu da fatar ido. A ɗaga gira sama, a runtse ido da ƙarfi a buɗe, a yamutsa hanci, a yi murmushi mai faɗi, a tsuke baki kamar mai fito, a cika kumatu da iska a tura ta dama da hagu. A furta a, e, i, o, u ana buɗe baki fiye da yadda aka saba. A zaro harshe waje, a kai shi kowane gefen baki, a lashi leɓe a zagaye. Kowane motsi sau 5 zuwa 10, a maimaita jerin sau biyu ko uku a yini. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma wanda ya jingina shi da wani abu da ba ya tsallakewa, kamar bayan sallar asuba da bayan la'asar, ya fi wanda yake jiran samun sarari dagewa.

Jin ja a fata da tsoka daidai ne, zafi mai suka kuwa alama ce ta a tsaya. Wanda ya ji jiri ko ganinsa ya dushe yayin juya wuya ya bari ya sanar da likita. Tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ko yamma tana ƙara wa duk wannan ƙarfi. Wanda ɗinkinsa bai warke ba, ko aka dasa masa nama daga wani sashe na jiki, sai likitan tiyata ya ba shi izini kafin ya fara miƙa wuya.

Bakina ba ya buɗewa kamar da, abinci kuma yana ƙware ni. Duk kumburin ne?

Suna tafiya tare sau da yawa, ko da yake taurin tsokar muƙamuƙi bayan gashi shi ne babban dalilin ƙin buɗewar baki. Gwaji mai sauƙi shi ne mutum ya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Idan ba su shiga ba, ko tazarar ta gaza milimita 35, bakin ya fara tsukewa. A riƙa buɗe shi a hankali har iyakar da ba ta da zafi, a riƙe na 'yan daƙiƙu, a karkata muƙamuƙi dama da hagu, sau da yawa a yini. Kada a ɓanɓare shi da ƙarfi da cokali ko itace.

Ƙwarewa kuwa ba abin rainawa ba ce. Tari a duk lokacin shan ruwa, murya mai kama da ta mai kurkure bayan haɗiya, ko zazzaɓi da ciwon ƙirji da suke dawowa suna nuna abinci yana bin hanyar iska. Wannan aikin ƙwararren magana da haɗiya ne, shi zai duba ya zaɓi motsin da ya dace da kaurin abincin da ya fi aminci.

Yaya ake yin tausar a gida?

Kalmar tausa tana ɓatar da mutane, domin abin da muka sani da tausa shi ne murza tsoka da ƙarfi har a ji daɗi. Wannan dabam take. Hanyoyin da ake son buɗewa suna can dab da ƙarƙashin fata, sirara ne ƙwarai, kuma dannawa da ƙarfi rufe su take yi. Ana ɗora tafin yatsu ne a kwance, a ja fatar kanta kaɗan zuwa inda ake son ruwan ya bi, a sake ta ta koma da kanta, a sake ja, a hankali kamar numfashin mai barci. Nauyin hannun bai wuce wanda ake shafa kan jariri da shi ba. Idan fata ta yi zafi ko ta canza launi, an danna da yawa. Ba a shafa mai kafin a fara, domin yatsu za su riƙa zamewa a kan fatar maimakon su ja ta.

Nan ma daga mafita ake farawa. Bayan numfashi biyar, a tausa ramin da ke saman ƙashin gindin wuya a kowane gefe, sannan hammata, domin ƙullutan hammata lafiyarsu ƙalau kuma za su iya karɓar ruwan da wuya ya kasa ɗauka. Daga nan a koro daga gefen wuya da ƙeya zuwa ƙasa, sai a hau ƙarƙashin haɓa da layin muƙamuƙi ana kora zuwa wajen kunne, sai kumatu daga gefen hanci zuwa kunne, sai goshi da kewayen ido zuwa gefe. Duk abin da aka tara a gaban kunne a gangaro da shi ta gefen wuya ko ta baya. A rufe da inda aka fara. Minti 15 zuwa 20 yake ci, kuma da safe ya fi amfani tun da lokacin ne fuska ta fi cika.

Abu guda ne rubutu ba zai iya yi wa kowa ba, wato zana masa hanyarsa. Ruwan limf ba ya ratsa tabo da sauƙi. Wanda aka yanka daga bayan kunne zuwa gaban wuya, ko aka cire ƙullutan gefe biyu, hanyarsa ta bambanta da ta wanda aka gasa kawai, kuma sau da yawa sai an zagaya da ruwan ta ƙeya zuwa baya da hammata. Saboda haka ko sau ɗaya ne, a zauna da likitan fisiyo, wato ƙwararren jinya ta motsa jiki da tausa, wanda ya san wannan aiki ya nuna hanyar a jikin mutum, mai jinya ya ɗauka a waya don a riƙa dubawa a gida.

Akwai wanda bai kamata ya yi tausar wuya ba?

Akwai. Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta gefen wuya suke bi, kuma gashi yana iya tsuke su. Wanda aka ce masa jijiyar wuyansa ta tsuke, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko jini ya daskare masa a jijiyar wuya, ko yana da bugun zuciya marar daidaito, ko ciwon zuciya mai tara ruwa, ko tairod (halittar da ke gaban wuya wadda take kumbura ta zama maƙoƙo) mai aiki fiye da kima, kada ya fara sai likita ya amince. Haka nan ba a tausa a kan fatar da gashi ya ƙona ba ta warke ba, ko a kan rauni, ko a kan wani sabon ƙullutu da ba a bincika ba, kuma ana dakatar da ita ɗungurungum idan fata ta kamu da ƙwayoyin cuta.

An ba ni shawarar ƙaho, ko sakiya, ko gasawa da ruwan zafi. Me ya hana?

Masu ba da wannan shawara da kyakkyawar niyya suke yi, ganin cewa ruwa ne ya taru sai a ba shi ƙofa. Amma ruwan limfidima ba a taruwa ɗaya yake ba kamar ruwan ƙurji, ya jiƙa naman ne kamar yadda ruwa yake jiƙa soso, don haka tsaga ba ta zubar da shi. Abin da take yi shi ne buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa a wurin da masu gadinsa, wato ƙullutan nan, aka riga aka cire su, ga ruwa mai furotin da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a cikinsa. Fatar da aka gasa kuma ba ta warkewa da wuri, ƙaramar tsaga tana iya zama gyambo. Ina roƙon duk mai wannan lalura kada ya yarda a sa masa aska ko ƙaho a fuska, wuya ko ƙeya, komai girman wanda ya ba da shawarar.

Zafi kuwa yana buɗe hanyoyin jini ya ƙaro ruwa a wurin, ga shi kuma fatar da aka yi wa tiyata takan rasa jin taɓi, mutum ya ƙone bai sani ba. Tsumma mai zafi, surace da man zafi duk a bar su. Maganin sa fitsari shi ma ba ya magance wannan kumburi, yana janye ruwa ya bar furotin a wurin, sai dai idan likita ya rubuta shi don wata lalura dabam kamar hawan jini ko ciwon zuciya. Rage shan ruwa ba ya sauke fuska, sai ma ya ƙara bushewar bakin da gashi ya riga ya jawo. Rage gishiri da barin taba sigari suna da amfani.

Yaya zan kula da fata da baki?

Manufar ita ce kada fata ta tsage ko kaɗan. A wanke da sabulu marar ƙamshi da ruwa mai ɗumi kaɗan, a tsane da tawul ba tare da gurzawa ba, a kula da lungun da ke ƙarƙashin haɓa inda gumi yake maƙalewa. A shafa mai marar turare kullum bayan an gama tausa, man kaɗanya mai tsabta ya wadatar idan fatar ta warke, kuma a lokacin hunturu a ƙara yawan shafawa. Mayukan bilicin ba su da wuri a nan. Wanda yake tsakiyar gashi kuwa ya tambayi ma'aikatan sashen kafin ya shafa komai.

Maza su bar reza da askar wanzami a wurin da ya kumbura, su koma kilifa ta kansu wadda ba a yi wa kowa aski da ita. A kwana cikin gidan sauro, domin cizo ɗaya da aka sosa ya isa ya zama mafarin ciwo. Fatar da aka gasa ba ta jure rana, sai a kare ta da malafa, lema ko mayafi marar matsi. Idan aka samu ƙwarzane, a wanke nan take da ruwa da sabulu, a sa maganin rauni, a sa ido a kansa kwana biyu.

Baki ma fata ce ta ciki. Ƙarancin yawu yana sa haƙora ruɓewa da sauri, don haka a goge da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, mai amfani da asuwaki kuma ya tausasa bakin asuwakin sosai kada ya huda dasashi. Kada a cire haƙori ba tare da an gaya wa likitan haƙori cewa an taɓa gasa wurin ba, ko da shekaru sun wuce, saboda ƙashin muƙamuƙin da aka gasa yana iya ƙin warkewa.

Hijabi, rawani da sujada fa? Kuma ina iya ɗaure fuskar da kaina?

Duk abin da ya bar shati a fata ya matse da yawa. Hijabi mai roba a ƙarƙashin haɓa, rawanin da aka zagayo da shi ta wuya aka ɗaure tam, maɓallin wuyan kaftani da sarƙa mai kama wuya suna datse hanyar da ruwa yake bi. Ba a ce a daina sanya su ba, tela ya saki wuyan, a sassauta ɗaurin. Sunkuyar da kai na dogon lokaci, a kan waya, keken ɗinki, wanki ko shara da gajeren tsintsiya, yana cika fuska, sai a ɗaga aikin zuwa sama ko a riƙa miƙewa. Sujada ta ɗan lokaci ba ta cutar da yawancin mutane. Wanda take toshe wa numfashi ko take sa shi jiri ya gaya wa likitansa, ya kuma tambayi malami, domin sauƙin da shari'a ta yi wa mara lafiya a salla sananne ne.

Matsin magani dabam yake da matsin tufafi, domin shi a baje yake daidai a kan wurin, yana hana ruwan da aka kora dawowa. Ana yin sa da madaurin haɓa ko rigar fuska, wani lokaci da soso na musamman a ciki don tausasa wurin da ya taurare. Ƙwararre ne yake aunawa ya faɗi awa nawa za a sa. Naɗe wuya da bandeji a zagaye da hannun kai haɗari ne, yana iya danne hanyar iska da jijiyoyin jini, ko ya tura ruwan sama zuwa idanu.

Waɗanne alamu ne ba sa jiran ranar ganin likita?

Wahalar numfashi, numfashi mai ƙara, kasa haɗiye yawu, ko harshe da fuska su kumbura cikin sa'o'i: a tafi sashen gaggawa a lokacin, ko tsakar dare ne. Mai bututun numfashi a wuya ya ƙara kula da wannan idan kumburi ya fara danne bakin bututun.

Sai kamuwar fata da ƙwayoyin cuta. Littattafai suna cewa wurin zai yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka a dogara da sauran alamu: wurin ya fi ɗaya gefen zafi idan aka taɓa da bayan hannu, ya yi sheƙi ko ya ƙara duhu, yana ciwo, kumburin ya ƙaru farat ɗaya, ga zazzaɓi da ya kai digiri 38 ko rawar sanyi. A nan sau da yawa ake cewa maleriya ce a sayi magani a kemis, kwana biyu su wuce ciwon yana yaɗuwa. A dakatar da tausa da matsi, a ga likita a ranar, a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har ya ƙare.

Sabon ƙullutu mai tauri, gyambon baki da ya wuce mako biyu, ciwon kunne da ba ya tafiya, rama, ko kumburin da yake ta ƙaruwa duk da ana yin komai daidai suna bukatar likitan daji ya duba, domin a tabbatar ciwon bai dawo ba. Idan kuma fuska ta cika gaba ɗaya tare da kasala, jin sanyi da ƙarin nauyi, a nemi gwajin jini na tairod, saboda gashin wuya yakan raunana ta bayan watanni ko shekaru, kuma ƙwayar magani tana gyara wannan.

Ta yaya zan san ana samun ci gaba, kuma wa zan nema?

Ido yana ruɗin mai duba madubi kullum. A ɗauki hoto sau ɗaya a mako, ta gaba da ta kowane gefe, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, a kuma auna da tef ɗin tela: zagayen wuya, da tazarar da ke tsakanin gindin kunne da tsakiyar haɓa a dama da hagu. A rubuta a littafi tare da abin da aka lura, kamar yadda haɗiya take da yawan yatsun da suke shiga baki. Laushin wurin da ya taurare ci gaba ne ko da awon bai sauka ba, kuma ranar da aka kwana ba a ɗaga kai ba ko doguwar tafiya a mota kumburin zai ɗan dawo.

Wurin farawa shi ne asibitin da aka yi jinyar. Manyan asibitocin da ke kula da masu ciwon daji, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, na Malam Aminu Kano da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, suna da sashen fisiyo. A ranar komawa asibiti a faɗa wa likita sunan abin ƙarara, a nuna masa hotunan safe, tun da zuwa lokacin da layi zai iso kan mutum da rana fuskar ta riga ta sauka, sannan a roƙi takardar turawa zuwa ga wanda ya san tausar limf. Wanda yake zuwa daga nesa ya taho da wanda zai riƙa taya shi a gida, domin ƙeya da bayan kafaɗa hannun mutum ba ya kai musu yadda ya kamata.